An yi min tiyata, zaman ɗaki ya ishe ni: ko zan iya fara koyon saƙa?

Ummu_Hanan_Malali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. An yi min aikin ƙari a mahaifa, yanka ne a ƙasan mara, yanzu na shiga sati na uku. Alhamdu lillahi ciwon yana kamewa. Likita ya ce ba ɗaukar abu mai nauyi, ba shara, ba wanki, ba daka, sai na cika sati shida na koma ya duba ni. Ni kuma malamar makaranta ce, ban saba zama ba. Ƙanwata ke girki, yarana ke miƙo min ruwan alwala. 'Yan dubiya sun yi ta sintiri a satin farko, yanzu ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkarsa. Daga asuba zuwa isha'i ni da waya, idona har yaji yake, kuma abin da nake gani a cikinta tunani kawai yake ƙara min. Jiya da la'asar kuka ya ƙwace min, ba wanda ya yi min komai.

Maƙwabciyata ta kawo min dunƙulen zaren ulu biyu da kibiyoyin saƙa, ta ce in gwada. Surukata ta ce sam, sunkuyo zai ɓalle ɗinkin ciki. Don Allah akwai wadda ta taɓa yin saƙa tana jinya? Yana da illa? Kuma da me ake farawa, ni da ban taɓa riƙe kibiya ba?

Maman_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Sannu da jiki 'yar'uwa, Allah ya sa kaffara ne, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Sista_Rabi:
Sannu Ummu Hanan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin mata. Saƙa aikin yatsu da wuyan hannu ne, ba ta taɓa naman ciki. Abin da ke takura ɗinki shi ne yunƙuri: ɗaga bokiti, tari mai ƙarfi ba tare da kin dafe wurin da filo ba, nishi a banɗaki, tashi daga kwance kai tsaye maimakon ki juya gefe ki dogara da hannu. Amma maganar Mama, surukarki, ba a banza take ba. In kika zauna a tabarma kika dunƙule kanki a kan gwiwa, kin matse ciwon, kuma bayanki zai ƙage. Ki zauna a kujera mai majingini, filo a baya, wani filon a cinya ki ɗora hannuwanki.

Abin da na fi tsoro ba ɗinkin ba ne, zaman ne. Bayan babban aiki a ciki ko mara, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa idan mutum ya daɗe bai motsa ba, kuma gudan yana iya tafiya huhu. Saƙa kuwa tana da ɗauke hankali, sai ki yi awa uku ba ki sani ba. Ki sa ƙararrawa a waya, kada awa ɗaya ta wuce ba ki miƙe kin zaga tsakar gida ba, kina zaune ma ki riƙa juya ƙafafunki, ki sha ruwa sosai. Idan kika ga sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi da ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji ya riƙe, asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Sannan ki kira likitanki ki faɗa masa, shi ya ga cikin, ni ban gani ba.

Hajiya_TudunWada:
'Yata, ajiye kibiyoyin nan tukuna, ki aika a sayo miki kwarashi. Na fara saƙa tun ina firamare, na koya wa yara ba adadi, kuma ban taɓa fara wa sabuwar hannu da kibiya biyu ba. Dalili: a kibiya idanun saƙar, wato ƙananan zobban zaren, duk suna rataye, talatin ko arba'in, ɗaya ya zame sai ya yi ta warwarewa ƙasa, ke kuma ba ki san yadda ake kamo shi ba. Kwarashi ido ɗaya tal ne a kansa. Baƙi sun shigo, ki zare ki ajiye. Barci ya ɗauke ki, ba abin da ya lalace. Mai jinya ba ta buƙatar abin da zai ƙara ɓata mata rai.

Ki nemi kwarashi mai lamba 4 ko 4.5 da zare mai ɗan kauri, launi mai haske. Baƙi da ruwan bula mai duhu ba a ganin idonsu, balle da dare in an ɗauke wuta kina haska fitilar caji. Ki fara da sarƙa, ki yi ta yi ki warware har hannunki ya daidaita, sannan ki yi ɗan murabba'i na ɗora tukunya. Kada ki fara da rigar jariri.

Mama_Saratu_Barnawa:
Hajiya ina gaisuwa, amma a nan ban bi ki ba. A Zumuntar Mata na koya, da kibiya biyu aka fara mana, kuma ba wadda ta gudu. Salo biyu ne kacal, na gaba da na baya, duk abin da kika gani a jikin suwaita daga su aka haɗa shi. Kuma ga wadda aka yi wa aiki, ni na ga kibiya ta fi sauƙi a jiki, domin aikin ya rabu a hannu biyu. Kwarashi wuyan hannun dama kaɗai yake ci, juyi bayan juyi. Ummu Hanan, akwai kibiya mai igiya wadda aka haɗa kai biyun da siririyar roba, ita ce ta mara lafiya. Nauyin saƙar yana sauka a cinya, ba ya rataye a hannu, kuma ba dogon ƙarfe da zai tokare ki a ciki. Ubangiji ya taɓa ki da hannun warkarwa.

Ummu_Hanan_Malali:
Amin, na gode ƙwarai. Sista Rabi, wallahi ban san zancen daskarewar jinin nan ba, ni a zatona yawan kwanciya shi ne kula da kai. Yanzu na tashi na zaga har bakin ƙofa. Hajiya da Mama Saratu kun bar ni a tsakiya.

Bilkisu_UnguwarDosa:
Ni tiyatar haihuwa aka yi min, kuma na yi saƙa. Abu ɗaya zan faɗa miki wanda ba a faɗa a bidiyo: dunƙulen zare yana gangarawa. Kina ja sai ya faɗo daga cinya ya shige ƙarƙashin gado, ke kuma kafin ki tuna da ciwo kin sunkuya. To ga sunkuyon da surukarki take tsoro. Ki samo kwanon samira mai zurfi ki jefa zaren a ciki, ki ajiye a kan kujerar kusa da ke, zai yi ta juyawa a ciki ba zai fita ba. Almakashi ki ɗaure shi da zare a jikin hannun kwanon. Kuma zaren ulu yana zubar da gashi-gashi, ki rufe cikinki da zani mai tsabta, ki wanke hannu kafin ki taɓa wurin ciwon.

Zee_Kawo:
Anti ki yi haƙuri, ni ta fuskar kuɗi nake kallo. In dai za ki koya, ki koyi ta inji. Hunturu na tafe, kayan sanyin jarirai ba sa kwantai daga Nuwamba zuwa Janairu, ga na suna da ake saya duk shekara. Hula da safa da riga da shawul, mai inji ta gama saiti a yini, mai hannu tana nan tana fama da hannun riga ɗaya. Me zai sa ki ɓata sati shida a kan abin ɗora tukunya?

Sista_Rabi:
Zee, inji ba yanzu ba. Tura kan injin dama da hagu da kafaɗa da ciki ake yi, ga zama a miƙe ba jingina. Wannan yana cikin abin da aka hana ta.

Maman_Sadiq:
Kuma ba komai ne sai ya zama sana'a ba. Baiwar Allah ta ce kuka take yi ita kaɗai, ke kina lissafin riba.

Zee_Kawo:
Ba da mugun nufi na faɗa ba Maman Sadiq. Aikin nan kuɗi ya ci, kowa ya san abin da tiyata take ci yanzu. Mace ta tashi daga jinya da abin da zai kawo mata na cefane, ina laifi? Na yarda inji sai ta warke.

Baban_Khalifa:
Ku ba ni dama in sa baki duk da zauren ya fi kama da na mata. Na yi haɗari a hanyar Zariya, ƙashin cinya ya karye aka sa min ƙarfe. Watanni ina zaune. Ni direba ne, ban san wani aikin hannu ba. Abin da ya fi ciwon damuna shi ne dare: kowa ya yi barci, ni ina lissafin kuɗin makarantar yara da motar da ta tafi. Wani dattijo maƙwabcinmu mai ɗinkin hula ya riƙa zuwa da hantsi yana zama kusa da ni da aikinsa. Rannan ya miƙo min wadda aka riga aka zana da allura, ya ce cike min nan. Tun ina yi don kunyarsa har na koma jiran zuwansa. Abin da na lura, in kana ƙirga zare ba ka iya ƙirga bashi a lokaci guda, kan ba ya ɗaukar biyun. Ciwon yana nan, amma sai ya koma can gefe. Hajiya Ummu Hanan ki yi, ko wane iri ne. Hular farko da na gama ita nake sawa ranar Juma'a har yau.

Dan_Rigasa:
Ɗinkin hula dai na ji, wannan aikin maza ne tun kaka da kakanni. Amma namiji da zaren ulu da kwarashi? Ni kam ko a gadon asibiti ba zan riƙe ba.

Malam_Kakuri:
Ɗan Rigasa, wa ya ce maka zare na mata ne? A ƙasar Hausa mata ke kaɗi da mazari, amma masu zama a masaƙa suna jefa ƙoshiya suna fitar da saƙi ƙwarya-ƙwarya maza ne. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, je ka cikin birnin Zariya ka ga waɗanda suke zaune a zaure suna yin ta. Nan Kaduna kuma garin masaƙa ne. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a Kakuri a 1957, masaƙun Nortex da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya, dubban magidanta suka ci abinci a nan, mahaifina yana cikinsu. In an tashi aiki titi cika yake da kekuna. KTL ta tsaya a 2002, sauran ma suka bi sahu. Audugar Funtuwa da ta Zariya tana nan, amma zaren da Ummu Hanan take riƙe da shi yanzu ba auduga ba ce, roba ce. Wannan shi ne abin kunya, ba namiji da kwarashi ba.

Fa'iza_ABU:
Ƙari a kan maganar Malam: a lokacin yaƙin duniya na farko, sojojin da aka jikkata ana koya musu saƙa da surfani da saƙar kwando a gadon asibiti, kuma irin wannan yana cikin tushen fannin da ake warkar da majinyata ta hanyar ba su aikin yi. A 2013 wata mujallar wannan fanni a Birtaniya ta buga binciken da aka tambayi masu saƙa 3,545 daga ƙasashe daban-daban, aka ga waɗanda suka fi yawan yi sun fi cewa suna samun natsuwa da farin ciki. Sai dai a yi adalci, masu son abin aka tambaya, ba gwaji aka yi a kan marasa lafiya ba. Ba magani ba ce, taimako ce.

Dan_Rigasa:
Na ji tarihi Malam, Allah ya jiƙan mahaifa. Amma ina nan a kan bakana.

Ummu_Hanan_Malali:
Malam Kakuri, ka ce roba? A jikin takardar an rubuta ulu ne fa, ko dai haka maƙwabciyar ta ce.

Hajiya_TudunWada:
Gaskiyar Malam ne. Kusan duk abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne. Ga yadda za ki gane: a yanko ɗan guntu, a riƙe da cokali mai yatsu, a kusanta ashana. Na roba zai nannaɗe ya narke, ya bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri da warin leda. Na auduga zai ci da wuta ya bar toka mai laushi, warinsa na ƙonannen takarda. Ulun gaske na tumaki warin ƙonannen gashi yake, ya murmushe a yatsa. Ƙanwarki ta yi a waje, ba ke ba.

Na robar ba laifi gare shi ba wajen koyo, ya fi araha, yana jure wanki. Amma na tuna na ce ki yi abin ɗora tukunya: wannan sai da na auduga, na roba narkewa zai yi a gindin tukunya mai zafi. Da wanda ke hannunki ki yi shimfiɗar kan tebur ko ɗan mayafin wuya. Sannan iyaye mata ku ji: yaro sanye da suwaitar roba kada ya matsa kusa da kaskon gawayi da hunturu. Ba ci take da wuta kawai ba, manne wa fata take.

Bilkisu_UnguwarDosa:
Wannan gaskiya ne. Ga kuma masu naɗe jariri da hula da safa da shawul a watan Maris, ana zafin nan na Kaduna, yaro ya yi ta kuka ƙuraje sun feso masa a wuya.

Sista_Rabi:
Bilkisu kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ki taɓa ƙeyar jariri ko ƙirjinsa, in da gumi a rage kaya. Waɗanda suke buƙatar hula da gaske su ne bakwaini. Ba su da kitse, kansu babba ne a kan jikinsu, zafi yana fita ta nan da sauri. Shi ya sa in uwa ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata ake sa masa hula. Kuma hulunan kasuwa duk sun yi musu yawa, kan wani bai wuce lemon zaƙi babba ba. Ummu Hanan, in hannunki ya faɗa, ga inda ƙaramin aiki yake da amfani. A tambayi ma'aikatan ɗakin jarirai tukuna ko suna karɓa da irin wadda suke so, a wanke ta tas, ba igiya, ba maɓalli, ba tuntu a kai.

Uwar_Biyu:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma bari in yi ko wata za ta amfana. An cire min nono ɗaya saboda sankara. Bayan ciwon ya warke, abin da ya hana ni fita ba rashin ƙarfi ba ne, yadda riga take zama a jikina ne. Ko da hijabi ni ina ji a raina kowa ya gani. Nonon roba da ake sayarwa yana da tsada, yana da nauyi, ga zafi, gumi ya taru a ƙarƙashinsa ya dami tabon. Na yi ta cusa tsumma, yana zamewa.

'Yata ce ta gano a intanet cewa mata a ƙasashen waje suna saƙa shi da zaren auduga mai laushi, a cusa masa audugar filo, a bar ɗan baki a baya don a ƙara ko a rage har ya yi daidai da ɗayan. Ni da ban iya komai ba na zauna na koya saboda wannan kaɗai. Na farko ya fito a karkace, na uku ya zauna. Ba nauyi, yana shan gumi, in ya yi datti in zare audugar in wanke. Ranar da na sa shi na je bikin 'yar ƙanwata, na zauna cikin mata har aka tashi. Yanzu in na je ganin likita na ga sabuwa a layi ta rungume jaka a ƙirji, na san abin da take ɓoyewa, sai in matsa kusa da ita mu yi magana.

Ummu Hanan, kukan da kike yi na san shi. Mutum ya saba a ce ina wance ta zo ta yi, yau shi ake yi wa. Ki sami abin da za ki kalla da yamma ki ce ni na yi wannan.

Mama_Saratu_Barnawa:
Uwar Biyu, kin sa ni hawaye. Don Allah ki turo min yadda ake yi ta akwatin sirri, muna da mata biyu da ke cikin wannan hali.

Sista_Rabi:
Allah ya saka miki Uwar Biyu. Ga masu irin aikinta: kada a sa komai a kan wurin sai ciwo ya rufe likita ya amince. In an cire ƙululun hammata, hannun wannan gefen yana iya kumbura, don haka a riƙa hutawa, a ɗora shi a kan filo, a yi motsa kafaɗar da aka koya a asibiti, a kiyaye sukar allura ko yanka a hannun. Kumburi ko nauyi ya fara, a je a nuna.

Ummu Hanan, na koma kan kukan. Kwana ɗaya biyu bayan babban aiki ba abin mamaki ba ne, kuma masu ƙarin mahaifa da yawa sun zubar da jini tun kafin aiki, ƙarancin jini kuwa yana kawo kasala da mutuwar jiki. Ki sha maganin ƙarin jinin da aka ba ki, ki ci zogale da alayyafo da hanta da wake. Amma in ya kai sati biyu kullum ranki a ɓace, ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke miki daɗi, wannan ba aikin zare ba ne, ki gaya wa likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, ana ganin masu damuwa.

Abu_Ammar:
Allah ya ba da lafiya. Tunatarwa kawai: hannu yana saƙa, harshe yana iya istigfari da salati. Kuma kada ki takura kanki a salla, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ce ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka.

Maman_Sadiq:
To ni har yanzu maganar surukar ce a raina, kowa ya tsallake ta. Ko likitoci goma sun yarda, in Mama ta shigo ta gan ki da zare bayan ta hana, kin buɗe wata ƙofar. Tsoro ne ya sa ta faɗa, ta ga an shiga da ke ɗakin tiyata. Ki sa maigidan ya kira likita a gabanta ta ji da kunnenta. Ko ki ce Mama zo ki gani ko zaman nan ya yi, ki bar ta ta gyara miki filon da hannunta.

Hajiya_TudunWada:
Maman Sadiq ta yi magana. Kuma ki tambaye ta, matan zamaninmu kaɗan ne ba su taɓa riƙe kwarashi ko mazari ba. Wataƙila malamar taki tana cikin gidan.

Nafisa_Mando:
Afuwan zan ɗan karkatar da zancen. Mahaifiyata aka yi wa aikin yanar ido, ita kuma tsohuwar mai saƙa ce, tana ta neman a ba ta kayanta. Mu ba ta?

Sista_Rabi:
Nafisa, ido daban ne, ku tambayi inda aka yi mata ranar komawa. Kallon abu kusa ba ya ɓata aikin, amma gashin zare yana shiga ido ta kai hannu ta murza, shi ne ba a so. Kuma tsohon tabaraunta ba lallai ya yi mata ba yanzu, sabon awo sai idon ya zauna, wajen sati huɗu zuwa shida.

Zee_Kawo:
Masu tambayar inda ake samun kaya: babbar kasuwa ta Sheikh Gumi wajen masu kayan teloli akwai zare da kwarashi da kibiya. Ki sayi zaren da zai ishe ki aikin a lokaci ɗaya, in kika koma daga baya launin yakan ɗan bambanta ko da sunansa ɗaya. Kuma a san da sani, saƙar hannu ba ta iya gasa da suwaitar gwanjo ta Kasuwar Barci a farashi. Mai sayen ta hannu don sonta yake saye.

Ummu_Hanan_Malali:
Na dawo da labari. Abban Hanan ya kira likita a gaban Mama, ya ce ba matsala in dai ina tashi ina takawa. Mama ba ta ce komai ba a lokacin. Da yamma sai ga ta da wani kwarashi na ƙarfe duk ya dushe, a naɗe cikin ƙyalle, ta ce tun na goyon Abban Hanan ne. Hajiya, maganarki ta tabbata. Ta zauna a gefena ta kama yatsana ta naɗa min zaren, ta ce sassauta, ba akuya kike ɗaurewa ba. Mun yi sarƙa har aka kira magariba, ita ce ma take cewa tashi ki taka.

Uwar Biyu, na karanta naki ya fi sau ɗaya. Allah ya ƙara miki lafiya.

Yanzu matsalata biyu. Abin da nake saƙawa yana tsukewa, ƙasa da faɗi sama ba faɗi. Kuma babban yatsana yana ƙagewa. Mama Saratu, ban yar da kibiyoyin ba, suna nan cikin samira.

Hajiya_TudunWada:
Madalla da Mama. Tsukewar nan kina tsallake idon ƙarshe ne a kowane layi, shi yakan ɓuya a gefe. In kin fara da 20, ki ƙirga a ƙarshen kowane layi ki tabbatar 20 ne. Ki soka ɗan fil ko zare mai wani launi a idon farko da na ƙarshe. Kuma kada ki manta sarƙar juyawa kafin ki koma.

Mama_Saratu_Barnawa:
Yatsan kuma shi ne abin da na faɗa tun farko. Siririn kwarashin ƙarfe sai an matse shi. Ki naɗa masa filasta ko ƙyalle a mariƙi ya yi kauri, ki riƙa buɗe hannu kina girgizawa. In ya ci gaba, ki huta kwana biyu ki gwada kibiyar ki ji bambanci.

Hajiya_TudunWada:
Ba kwarashin ba ne Saratu, riƙon sabon hannu ne. Da kibiyar ma haka za ta damƙe.

Nafisa_Mando:
Ni ma kun sa min sha'awa, amma bahaguwa ce ni. Duk bidiyon da na buɗe da dama suke yi. Akwai wadda ta koya da hagu a nan, ko sai na juya hannu?